Katin Awo Mai Sunan Yaya

3 ga Maris

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har tana hawa bene da kanta. Ɗigo ta fara famfara, haƙorin gaba ya fita shekaranjiya, tana ta bin mutane tana nuna musu gurbin.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Lauyata ma ta ce duk abin da zan faɗa maka in sa shi a rubuce.

Ka san Injiniya ya kai ni kotu yana neman a ba shi riƙon ƴarmu Ɗigo, shekara biyu bayan rabuwarmu. Abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka yi shiru, shi ne abin da lauyansa ya liƙa a bayan takardar ƙarar: shafi goma sha ɗaya daga babi na huɗu na kundin digirinka. Jiya aka ba ni kwafi. A wajen aiki na karanta shi, a tsaye, ina jiran jinin wani maras lafiya ya kwanta a kwalba.

Ka kira matar “Malama K.” Ka ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani asibiti, ƴar fari a gidansu, tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, aurenta ya mutu, tana da ƴa ɗaya. Ban san mata nawa ka sani masu wannan kama ba. Ka ce an raba ta da uwarta tana jaririya, saboda haka ta tashi da zuciya a rufe, kuma “da wuya ta iya ba ƴarta shaƙuwar da ita ba ta samu ba.” Lauyan ya ja wa wannan layin jan biro har sau biyu.

Ba ka nemi izinina ba kafin ka rubuta ni, amma ba wannan ne a gabana yau ba. Za a zauna ranar 28 ga Afrilu. Ina son takarda daga gare ka, da sa hannunka, cewa abin da ka rubuta hasashen ɗalibi ne, ba binciken likita ba, kuma ba gaskiya ba ne. Layi biyar ya isa. Ka kuma gaya mini yadda babin ya je hannun Injiniya.

Inna ba ta san komai ba tukuna.

Yayarka

15 ga Maris

Yaya,

Barka da aiki. Wasiƙarki ta yi kwana biyar a akwatin sashenmu kafin in gan ta. Na ji daɗin labarin gwiwar Inna. A ce wa Ɗigo kawunta ya ce ta ajiye masa haƙorin. Ni lafiya lau, sai mura da yawan zaman ɗakin karatu. Ranar 24 ga Afrilu zan kare kundina a gaban malamai.

Maganar Injiniya: bara na yi hira da shi, tun da ya zauna da ke shekara bakwai, sannan na aika masa babin don ya tabbatar ban sa masa magana a baki ba. Ƙa'idar bincike ke nan. Ban san zai kai kotu ba, kuma na kira shi na gaya masa bai kyauta ba.

Amma ba zan iya rubuta cewa ƙarya ce ba, domin ba ƙarya ba ce. Bari in yi miki bayani a sauƙaƙe. Masana sun rabu a kan inda hali yake fitowa. Wasu sun ce a jini yake, da shi ake haihuwar mutum. Wasu sun ce horo ne: abin da aka yaba wa yaro ya riƙe, abin da aka hukunta shi a kai ya bari. Mu kuwa ɓangaren da nake, mun ce a shekara biyun farko ake zuba tushe. A lokacin ne jariri yake gane ko idan ya kira za a amsa. In aka daɗe ba a amsa ba, sai ya daina kira, ya girma bai dogara da kowa ba, bai kuma san yadda ake barin wani ya dogara da shi ba.

Kuma ba daga kaina na ƙago ba. Ina da katin awonki na jarirai, mai ruwan ɗorawa, wanda na tsinta a akwatin Inna lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Sunanki ne a bango. Har zuwa wata goma sha ɗaya nauyi yana hawa. Daga wata goma sha uku layin ya karye ya yi ƙasa, nas ta rubuta a gefe: “Uwa tana asibiti. Rashin ci. Rashin wasa.” Wata bakwai ana maimaita wannan.

Ki haɗa shi da abin da na gani da idona. Ranar da Baba ya rasu kowa yana durƙushe, ke kina lissafa kujeru. In kin dawo daga aiki Ɗigo ta rugo da gudu ta tarye ki, sai ki ce ta dakata sai kin wanke hannu a famfo tukuna. Ba laifinki ba ne, Yaya, kuma abin da babin yake cewa ke nan, da za ki karanta shi ba da fushi ba. Shi kansa fushin mun san shi a fagenmu: mutum yakan ƙi ganin abin da zai yi masa ciwo.

Zan iya rubuta wa kotu cewa ke uwa ce mai tsari, mai kula da abinci da makaranta. Wannan gaskiya ce, zan sa mata hannu.

Ƙaninki

22 ga Maris

Auta,

Muna lafiya. Allah ya sawwaƙe murar. Ɗigo ta ce haƙorin ya faɗa magudanar banɗaki, sai ka jira na biyu.

Na gode da darasi. Na je ɗakin karatun asibitinmu na aro littattafai uku a fagen naku, na karanta su a hutun rana. Ashe su kansu masanan ba su gama faɗa da juna ba. Na ga labarin tagwayen da aka raba tun suna jarirai, suka girma a gidaje daban, aka same su da hali iri ɗaya. Na ga yaran da suka tashi a gidan marayu, wasu suka lalace, wasu suka zama iyaye na gari. Kowane littafi cike yake da “watakila” da “a wasu lokuta.” A babinka ban ga ko ɗaya ba. Ina ka zubar da su?

Kujerun da na lissafa, a kansu ka zauna ka yi kukanka. Famfon kuwa, sa'a takwas nake yi hannuna cikin jinin masu ciwon hanta da majinar masu tari. Da ka tambaye ni, da ka rage wa kanka shafi biyu.

“Uwa mai tsari” ba za ta yi mini amfani ba. Lauyansa zai miƙe ya ce ai abin da suke faɗa ke nan, tsari akwai, zuciya babu.

Yanzu maganar katin. Ka aiko mini da shi, shi kansa, ba hotonsa ba. Akwai abin da nake zato, amma ba nawa ba ne ni kaɗai, ba zan faɗe shi ba sai na tabbatar. Na daɗe ina rufa maka asiri a wannan magana. Idan mako ya wuce ban ga katin ba, zan kai ta inda ba ka isa ka yi musu ba.

Yayarka

30 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. A gaishe da Inna. Murar ta tafi.

Na karanta layinki na ƙarshe sau uku. Wato za ki rubuta wa malamina, ko kwamitin ladabtarwa na jami'a, cewa na yi bincike a kanki ba da izininki ba. Kin san sarai abin da hakan zai jawo, tun da yanzu kin zama mai aron littattafai. Za a dakatar da kundin, watakila a kore ni. Shekara uku ina kan wannan aiki, ina kwana a ɗakin da rufinsa yake yoyo a kan littattafaina, ke kuma saura mako uku ki ce za ki rushe shi da takarda ɗaya.

Ba zan aiko da katin ba. Yana cikin hujjojin da zan ajiye a gaban malamai, kuma yadda kike yanzu ban amince ya dawo mini da dukkan shafukansa ba.

Ki lura da abin da kika yi. Ƙaninki ya miƙo miki hannu, ya ce zai rubuta abin da zai iya tsayawa a kai, kin amsa masa da wa'adin mako guda kamar mai ba ɗan haya notis. Da zan sake rubuta babin yau, da wasiƙarki zan buɗe shi.

Tun muna yara haka kike. Ban taɓa kawo miki sakamakon jarrabawa kin ce madalla ba, sai dai ki nemo inda na faɗi.

Ƙaninki

6 ga Afrilu

Auta,

Lafiya muke. Inna ta kwana biyu ba ta jin daɗi, kuma za ka ga dalili.

Ban san sunan malaminka ba, ban kuma nema ba. Wajen Inna nake nufi. Ita ce ba ka isa ka yi wa musu ba, ko da yake yanzu na fara shakka.

Ranar Asabar na same ta tana ninke wanki, na zauna na gaya mata komai. Ta ajiye wankin gefe. Sannan ta tambaye ni ko katin mai ruwan ɗorawa ne, wanda kusurwarsa ta ƙone. Na ce ban gan shi ba, yana hannunka. Ta ce: “Yaron nan, ya ɗauki abu a akwatina, ya kasa tambayata ko na wane ne?”

Ga abin da ya faru. Ni Inna ta daina kai ni awo ina wata goma sha ɗaya, don lafiyata ƙalau, layin asibitin kuma yana cinye mata wuni. Katin ya zauna a akwati da sauran shafukansa farare. Bayan shekara bakwai aka haife ka. Naka katin ya jiƙe ya lalace kana shekara ɗaya, aka je karɓar sabo aka ce sun ƙare. Nas ɗin ta ce a kawo kowane kati mai fili, ita dai wurin rubutu take so. Aka kai nawa. Ta ci gaba daga inda aka tsaya, tana rubuta rana da wata da watannin yaro, ba ta sa shekara ba.

A wannan lokacin ne tarin fuka ya kwantar da Inna wata bakwai. Baba yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi mako uku ba mu gan shi ba. Gwaggo takan leƙo da safe ta koma gidanta. Ni ina da shekara takwas. Ni na riƙa goya ka zuwa awo, ni nas take yi wa faɗa cewa ba ka ci. Zangon karatu biyu na rasa. Tabon da ka kwatanta ni da shi a babinka, butar shayi ce, ina dafa ruwan madararka.

Ba a taɓa gaya maka ba saboda Inna ta hana. Ta ce ba ta son ka tashi kana jin an taɓa barin ka. Ranar Asabar ta janye hanin, tana kuka, kuma wannan kukan a wuyanka yake.

Na san ba ka yarda da bakin mutane, ka ce uwa takan kare kanta. To ka duba takarda. Hatimin shafukan farko zagayayye ne. Daga wata goma sha uku mai kusurwa huɗu ne, da sunan sabon ginin da asibitin ya koma, wanda ba a gina shi ba sai ina aji ɗaya. Ga kuma kwafin takardar sallamar Inna a cikin ambulan ɗin nan. Ita akwai shekara a jikinta. Ka cire shekarar haihuwarka, lissafin ba shi da wuya.

Bisa littafinka, kai ne ya kamata ka tashi da zuciya a rufe. Kai da kake rungumar mai gadi in ka dawo hutu, kake hawaye in an yanka kaza. Ko dai ra'ayin naku ne bai tsaya ba, ko kai ne ba ka san kanka ba. Wannan ku warware a can. Ni layi biyar nake so, da katin, kafin 28.

Yayarka

17 ga Afrilu

Auta,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Na tambaya a gidan waya, sun ce an karɓi wasiƙata a sashenku ranar tara ga wata. Na karya ƙa'idata na kira ka sau huɗu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Inna ta kira da tata, haka nan.

Saura kwana goma sha ɗaya. Lauyata ta ce takardar Inna ita kaɗai ba ta isa ba, sai an ajiye ta kusa da katin.

Yayarka

25 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Ɗigo. Jikina lafiya.

Tun ranar da wasiƙarki ta zo na duba hatimin. Yadda kika faɗa haka yake. Har tawadar ma daban ce, da rubutun. Wata goma sha takwas katin yana kan teburina, na auna layin nauyin da rula, na zana shi a kwamfuta, ban taɓa kallon hatimin ba.

Ban san yadda zan gaya miki abin da na ji ba. Na zauna ina kallon “rashin ci, rashin wasa,” ina ƙoƙarin tuno wani abu, ko ƙamshi, ko murya. Babu komai. Shafi goma sha ɗaya na rubuta ina tausaya wa jaririyar nan daga nesa, ashe ni ne.

Sau biyu na je ƙofar ofishin malamina na juyo. Da na faɗa masa, da an cire babin, kundin kuma ba ya tsayuwa ba tare da shi ba, sai in ƙara shekara. Na ce wa kaina bari in wuce ranar 24, sannan in gyara komai, ai akwai kwana huɗu a tsakani. Ban ɗauki wayarku ba don na san in na ji muryar Inna ba zan iya ba. Jiya na kare kundin. Na ci. Ɗaya daga cikin malaman ya ce babi na huɗu ne ya fi burge shi.

Ga takardar a ciki, na sa hannu. Ta fi layi biyar. Na ce babin kuskure ne daga tushe, jaririn ni ne, kuma ban cancanci in yanke hukunci a kan ki ba. Katin sai an gama sa hannu a kundin za a sako mini shi. Takardar kuwa na biya mata kuɗin aikawa na gaggawa, sun ce kwana biyu.

Na yi ta tunani, Yaya. Watakila shi ya sa tun ina yaro nake neman ki ce madalla. Watakila a wajena ke ce uwar, kuma babin nan fushin yaro ne da ya ga wadda ta goya shi ta koma makaranta ta bar shi. Ina ganin akwai abin dubawa a nan.

Ki yafe mini.

Ƙaninki

2 ga Mayu

Auta,

Inna tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ta yafe nata. Gwiwar ta ɗan motsa saboda zaman bencin kotu.

Takardarka ta iso ranar 30. An rubuta ta da kyau, babu kuskure ko ɗaya. Na duba kwanan watan da ke ƙarƙashin sa hannunka, na kuma duba ranar da ka ce ka ga hatimin. Kwana goma sha shida ne a tsakani.

An zauna ranar 28 kamar yadda aka sa. Inna ta tsaya ta ba da labarin katin. Lauyan Injiniya ya tambaye ta cikin ladabi ina katin yake, ta ce yana wajen ɗanta. Ya tambaya ko ɗan nata ya janye abin da ya rubuta, lauyata ta ce muna jira. Ya ce to ga rubutun masani a gaban kotu, wanda ya samu labari ma jami'a ta amince da shi kwanan nan, ga kuma maganar tsohuwa mai son ƴarta. Ban san wa ya ba shi labarin cin jarrabawarka ba, kuma ba na son in sani.

Alƙali bai yanke hukunci ba. Ya ce Ɗigo ta koma wajen ubanta na wata uku, kotu ta naɗa nata masanin ya duba ni ya duba ta. Zan riƙa ganinta ranar Lahadi, daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Masanin ya riga ya aiko mini da tambayoyi shafi shida. Ta farko a kan ƙuruciyata ce.

Abin da ka hango game da kanka, ka riƙe abinka. Ba ni da wurin ajiye shi yanzu, kuma ba zan zama babi na biyar ba. Abin da ke tsakaninka da jami'arku ma ba ruwana, kai ka san da me ka ci.

Za a sake zama ranar 29 ga Yuli. Lauyata ta ce yanzu takarda ba za ta wadatar ba, sai ka zo da kanka da katin a hannu, ka tsaya lauyansa ya yi maka tambayoyi, a rubuta amsarka a kundin kotu inda kowa zai iya karantawa, har malamanka. Ka sauka wajen Inna. Ni a kotu za mu haɗu.

Jiya da rana Injiniya ya zo ɗaukarta. Na haɗa mata kaya a jakar makaranta da wata ƙaramar akwati. Har ta kai bakin ƙofa ta dawo, ta tambaye ni ko ta tafi da buroshinta ko ta bar shi a kofi kusa da nawa. Na ce ta bar shi, ubanta zai saya mata wani. Ta ce to, ta fita.

Kada ka fassara mini wannan.

Yayarka